Ba kowane ƙaiƙayi bayan saduwa ba ne ciwon sanyi

Akwai matar da duk lokacin da ta sadu da mijinta, kafin a yi minti 30 gabanta ya ɗauki raɗaɗi kamar an ɗora garwashi, ga ƙaiƙayi, ga kumburi. Ta sha maganin sanyi, ta yi na matsi, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Daga nan sai zargi: ita ta ce ya kwaso mata cuta a waje, shi ya ce tana gudun shimfiɗa.

Wani lokaci duka biyun ba haka ba ne. Jikinta ne bai jituwa da ruwan maniyyi, kamar yadda wani ke yin borin jini idan ya sha maganin da bai karɓe shi ba. Wani likitan mata ɗan ƙasar Holan ne ya fara bayyana matsalar a 1958. Ba ƙwayoyin haihuwar namiji ne ke jawo ta ba, sinadaran furotin ne da ke cikin ruwan da ke ɗauke da su. Shi ya sa ba cuta ce da ake ɗauka daga wani ba, kuma ba kasafai ake samunta ba.

'Yar'uwa, ki lura da lokaci. Ciwon sanyi yana nan ko an sadu ko ba a sadu ba, sau da yawa har da fitar ruwa. Wannan kuwa sai maniyyi ya taɓa fata yake tashi, ya lafa bayan wasu awanni, wani lokaci kwanaki. Idan aka sa kwaroron roba kuma shiru kake ji, to likita ya samu bakin zare. In kuwa da robar abin ke tsananta, wataƙila ita robar ce jikin ya ƙi.

Inda ba a wasa shi ne idan borin ya bazu duk jiki, leɓe ko fuska suka kumbura, numfashi ya sarƙe, jiri ya kama. Asibiti nan take, ko tsakar dare ne, domin allurar adirenalin ce ke ceto a wannan hali.

Haihuwa fa? Wannan matsalar ba ta hana ɗaukar ciki. Likita na iya ba da maganin borin jini, ko ya saba wa jiki da maniyyin kaɗan-kaɗan a asibiti, ko a wanke ƙwayoyin haihuwar a saka su cikin mahaifa. Kada a gwada sabawar nan a gida. Ku je asibiti tare da maigida, domin akan buƙaci maniyyinsa wajen gwajin fata.