Katin Gold ko na Platinum: abin da ƙa'idojin kamfanonin jiragen sama suka tanada

A wurin awon kaya a filin jirgin Malam Aminu Kano layi biyu ne. Ɗaya ya miƙe da akwatuna da jakunkunan Ghana-must-go, ɗayan kuwa mutum biyu ko uku ne a kai. Ba duk wanda ke ɗan gajeren layin nan ne ya sayi tikitin bizines ba. Wasu tikitinsu na ikonomi ne kamar na kowa, kati kawai suke riƙe da shi wanda kamfanin ya ba su saboda yawan hawa jirginsa. Katin nan hawa-hawa ne, kuma matafiya da yawa na kashe kuɗi don su kai matakin ƙoli. Ƙa'idojin da ke rubuce sun nuna cewa yawancin amfanin yana mataki na tsakiya, shi kuwa na ƙolin bai cika biyan wahalarsa ba sai ga mutane ƙalilan.

American Airlines ce ta yayata tsarin a 1981 da shirinta na AAdvantage. Yau kusan kowane babban kamfani na da nasa: Ethiopian na da ShebaMiles, Turkish na da Miles&Smiles, Qatar Airways na da Privilege Club, Saudia na da Alfursan. Rajista kyauta ce, ana ba ka lamba, duk tafiyar da ka yi a zuba maka maki a kanta.

Abu na farko da ke rikita mutane shi ne makin iri biyu ne. Akwai na kashewa, wanda ake tarawa a karɓi tikiti ko a ɗaga kujera da shi. Akwai kuma na matsayi, wanda shi kaɗai ke hawar da mutum daga Silver zuwa Gold zuwa sama. Na matsayi ba a kashe shi, kuma wanda ya wuce wa'adinsa ya fita daga lissafi. A wasu kamfanonin wa'adin daga 1 ga Janairu ne zuwa 31 ga Disamba, a wasu kuma ana duba watanni 12 da suka gabata ne daga kowace rana. Wasu kamfanonin da mil suke ƙirga makin, kuma mutum na iya ganin mil dubu ɗari a asusunsa amma katinsa na ƙasa ne, domin makin na kashewa ne da ya taru cikin shekaru.

Kowane kamfani da ma'auninsa. Emirates na neman milin matsayi 25,000 don Silver, 50,000 don Gold, sai Platinum da ya yi tsalle zuwa 150,000. A Qatar Airways maki 150 ne Silver, 300 Gold, 600 Platinum cikin watanni 12. A tsarin da Turkish ta daɗe a kai, mil 40,000 cikin watanni 12 na ba da katin Elite, 80,000 kuma Elite Plus. Wato daga tsakiya zuwa ƙoli sai ka ninka tafiyarka sau biyu, a Emirates ma sau uku.

To me ake samu idan an ninka? Amsar na wurin ƙawancen kamfanoni, inda kowane kamfani ke girmama katin ƙawayensa. Manyan ƙawance uku ne: Star Alliance da aka kafa a 1997, wanda Ethiopian da EgyptAir da Turkish da Lufthansa da United ke ciki, oneworld na 1999, mai Qatar Airways da British Airways da Royal Air Maroc, sai SkyTeam na 2000, mai Saudia da Air France da KLM da Delta. Star Alliance mataki biyu kacal ta sani, Silver da Gold. Mai Elite na Turkish da mai Elite Plus duk Gold ne a idon Ethiopian ko EgyptAir. Haka mai Gold da mai Platinum na ShebaMiles, da zarar sun hau jirgin wani kamfanin cikin ƙawancen, ɗaya suke. Layin awo na musamman, shiga jirgi da wuri, alamar da ke sa akwati ya fito da farko, zauren hutawa tare da baƙo ɗaya, da ƙarin kaya na kilo 20 ko akwati ɗaya, duk an riga an same su tun a matakin tsakiya. SkyTeam ma mataki biyu gare ta. A oneworld ne kaɗai ake da uku, Ruby da Sapphire da Emerald, kuma babban abin da Emerald ta ƙara a kan Sapphire shi ne shiga zauren fes kilas da ɗan ƙarin nauyin kaya. Zauren fes kilas ɗin ma ba kowane filin jirgi ke da shi ba.

Ga ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke zuwa Guangzhou, lissafin a bayyane yake. Daga Kano zuwa Addis Ababa kusan mil 2,000 ne, daga nan zuwa Guangzhou kusan 5,000, zuwa da dawowa kenan wajen 14,000. Da ana ba da cikakken mil a kowane tikiti, tafiya uku ta isa ta kai shi 40,000. Sai dai ba haka ake yi ba. A kan kowane tikiti akwai harafi ɗaya da ke nuna ajin farashinsa, irin su Y ko M ko V, kuma kujeru biyu da ke jere a ikonomi na iya zama da harafi daban. Harafin mai tsada na ba da mil ɗari bisa ɗari, mai rahusa rabi ko rubu'i, wani ma ba ya ba da ko ɗaya. Idan tikitin rabi yake bayarwa, tafiya uku ta koma shida. Idan rubu'i ne, sha biyu. Ejan kuwa mafi arha yake yanka wa mutum, domin shi aka ce ya nemo. Wanda ke son kati sai ya tambayi harafin kafin a yanka tikitin, ya duba jadawalin shirin da yake zuba makinsa, domin harafin da ke ba da rabi a shiri ɗaya na iya zama fanko a wani.

Wannan ne ya sa muke ba da shawarar a tsaya a shiri ɗaya cikin kowane ƙawance. Mai hawa Ethiopian yau, EgyptAir gobe, Turkish jibi, ba ya buƙatar lamba uku. Ya zuba duka a guda, in dai ya kula da sharaɗin da wasu ke gindayawa na cewa wani kaso ya fito daga jiragensu. Lufthansa, alal misali, tun 2024 tana neman maki 2,000 a shekara don katinta na tsakiya, Senator, kuma 1,000 daga ciki dole su fito daga jiragen gidanta da na abokanta na kusa.

Akwai ƙananan ƙa'idoji da ke cinye wa mutane maki ba su sani ba. Makin na wanda ya hau jirgin ne, ba na wanda ya biya ba, don haka Alhajin da ya saya wa yaransa biyar tikiti ba zai ga milin matsayi ko ɗaya daga tafiyarsu ba. Sunan da ke kan lambar dole ya dace da na tikiti. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya hana makin shiga. Jirgin shata, kamar na jigilar alhazai, yawanci ba ya ba da maki, haka tikitin rukuni da kamfanonin jirgin yawo ke yanka wa masu Umra sau da yawa ba ya bayarwa. Tikitin da aka karɓa da maki shi ma a mafi yawan shirye-shirye ba ya haifar da wani makin. Idan aka manta ba a sa lamba ba, ana iya nema daga baya cikin wasu watanni, amma sai da lambar tikiti da takardar shiga jirgi. Kada a yar da ita a filin jirgi.

Sai batun da ya fi kowanne nauyi: wa ke da iko da katin? Duk wanda ya yi rajista ya amince da sharuɗɗan da ke cewa kamfani na da damar sauya ƙa'ida, ko rage amfanin kati, ko rufe asusu. Sayar da maki ga wani ma laifi ne da ke sa a ƙwace su gaba ɗaya. An gwada wannan a kotu a Amurka. Wani malamin Yahudawa, Binyomin Ginsberg, yana da katin ƙoli na kamfanin Northwest, sai kamfanin ya soke shi a 2008 bisa cewa ƙorafinsa ya yi yawa. Ya kai ƙara yana cewa ba a yi masa adalci ba. A 2014 Kotun Ƙolin Amurka, bakin alƙalanta ɗaya, ta ce dokar 1978 da ta sakar wa kamfanonin jirage mara ta hana a tuhume su da irin wannan hujja ta rashin kyakkyawar niyya a ƙarƙashin dokar jiha. Abin da ke rubuce a yarjejeniyar shi ne abin riƙo, kuma kamfanin ne ya rubuta ta.

Suna amfani da wannan damar kuwa. A 2023 Delta ta sanar cewa kuɗin da aka kashe kaɗai za ta riƙa ƙirgawa, ta sa katinta na ƙoli, Diamond, a dala 35,000 a shekara, sai da fasinjoji suka yi ca a kanta ta sauko zuwa 28,000. British Airways ta bi sahu daga 1 ga Afrilun 2025: maki ɗaya a kan kowane fam ɗaya, ban da harajin gwamnati, Silver 7,500, Gold 20,000. Wanda ya saba samun Gold da dogayen tafiye-tafiye masu rahusa ya wayi gari ƙofar ta rufe. Wani lokacin ma ba ƙa'ida ce ke sauyawa ba, jirgin ne ke daina zuwa. Emirates ta dakatar da zirga-zirga a Najeriya a ƙarshen 2022 saboda kuɗaɗenta da suka maƙale, ba ta koma Legas ba sai 1 ga Oktoban 2024, kuma ba ta cikin ko ɗaya daga ƙawancen nan uku, balle mai katinta ya ci moriyarsa a duk jiragen wani ƙawance.

Ɗaga kujera kyauta zuwa bizines shi ne abin da ya fi jan hankalin mutane zuwa matakin ƙoli, kuma shi ne ya fi ba da kunya. A Amurka ne al'adar ta yi ƙarfi, a tafiye-tafiyen cikin gida, can ɗin ma yanzu kamfanoni na tallata kujerun da suka rage a manhajarsu da rahusa kafin a kai ga masu jiran kyauta. A dogon zango kamar Doha ko Istanbul ba hakki ba ne, sai in ikonomi ta cika aka rasa inda za a sa mutane. Zauren hutawa ma da sharaɗinsa. A Doha mai kati da tikitin ikonomi ba ya shiga Al Mourjan, zauren masu tikitin bizines, wani zauren daban ake tura shi.

Duk da haka matakin ƙoli na da ranarsa. Idan jirgi ya lalace ko aka soke tashi, fasinja ɗari uku na neman kujera goma a jirgi na gaba, da masu babban kati ake farawa, kuma suna da layin waya nasu. Wasu shirye-shiryen na ba da takardun ɗaga kujera ƙidayayyu a shekara, Emirates kuma na barin mai Platinum ya ba matarsa ko abokin tafiyarsa katin Gold. Ga ma'aikacin da ofishinsa ke biya masa tikitin bizines duk wata, a kamfani ɗaya, katin zai zo masa da kansa, ba sai ya nema ba.

Wanda ke biya daga aljihunsa kuwa ya ɗauki biro. A gefe ɗaya ya rubuta abin da zai ƙara kashewa don kaiwa matakin: bambancin tikitin kamfaninsa da mafi arha a kowace tafiya, kuɗin hawa zuwa harafi mai tsada, da duk tafiyar da zai ƙirƙira a ƙarshen shekara don cike gurbi, har da biza da masauki da kwanakin da shago zai yi babu shi. A ɗaya gefen ya rubuta abin da zai karɓa a hannu. Mai zuwa Chana sau shida, da akwati ɗaya na kilo 23 kyauta a kowace dawowa, ya samu kilo 138 a shekara. Ya tambayi nawa ake biyan wannan nauyin a kuɗin rarar kaya, nawa ne kuma a kago, ya ɗauki mafi ƙanƙanta. Sannan ya tuna cewa katin tsakiya ya riga ya ba shi akwatin nan, kuma wasu tikitoci mafi arha, waɗanda ba su da kaya tun asali, an cire su daga wannan alfarmar a wasu kamfanoni. Abin da zai sa a ma'auni don matakin ƙoli shi ne ƙarin da ke bisan na tsakiya kawai.

Riƙe kati ya fi samunsa sauƙi a wasu shirye-shiryen, kuma nan ma tsakiya ta fi daɗi. Katin Elite na Turkish shekara biyu yake yi, kuma milin da ake nema don sabunta shi bai kai na samunsa da farko ba. Wanda ya rage masa mil dubu biyu ko uku kuma wa'adi ya kusa cika, ya fara duba ko akwai tafiyar da dama zai yi a wata mai zuwa da zai iya matso da ita kusa, ko ya biya bambanci a sauya harafin tikitin da ke hannunsa. Ya kuma tabbatar tafiyar ta faɗa cikin wa'adin, domin da ranar tashin jirgi ake lissafi, ba ranar da aka sayi tikiti ba.