Talauci a Najeriya

Talauci a Najeriya shi ne halin da kaso mai yawa na mutanen ƙasar ke ciki na kasa samun abinci, magani, ilimi da matsuguni daidai gwargwado. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jama'a a Afirka, tana kuma cikin manyan masu fitar da ɗanyen mai a nahiyar, amma tana sahun gaba a duniya wajen yawan matalauta. Wani ƙiyasi da cibiyar Brookings ta Amurka ta fitar a 2018 ya nuna ta zarce Indiya a yawan masu fama da matsanancin talauci, da mutum kusan miliyan 87.

Girman matsalar

A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 zuwa 2019, an ɗauki duk wanda abin da yake kashewa a shekara bai kai naira 137,430 ba a matsayin matalauci. Kashi 40 cikin 100 na 'yan ƙasa, wato kusan mutum miliyan 83, sun faɗa rukunin, ban da jihar Borno da rashin tsaro ya hana a kammala aikin a can. Tazarar da ke tsakanin jihohi ta fi wannan jimilla faɗin gaskiya: Legas ba ta kai kashi 5 ba, alhali Sakkwato da Taraba da Jigawa kowacce ta haura kashi 87.

A 2022 hukumar ta sake awo da wani ma'auni da ya duba ruwan sha, makewayi, makamashin girki, nisan asibiti da zuwan yara makaranta. A wannan karon adadin ya kai miliyan 133, kashi 63 cikin 100, kuma miliyan 86 daga ciki a Arewa suke. A karkara kashi 72 na mutane matalauta ne, a birane kuwa kashi 42. Duk an tattara waɗannan alƙaluma ne kafin cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, abin da ya kai hauhawar farashi kashi 34.8 a Disamban 2024.

Dalilai

Tunda yawancin matalautan manoma ne, daga gona ya kamata a fara. Ƙaramin manomi damina ɗaya yake dogaro da ita, taki kuwa ya fi ƙarfinsa. Da kaka, lokacin da hatsi ya cika kasuwa farashi ya karye, a nan yake sayarwa don biyan bashi da hidimar aure ko suna. Kafin tsakiyar damina rumbu ya ƙare, sai ya koma awo da tiya da tsada, sau da yawa a hannun wanda ya sayar wa. Don samun kuɗin awon yakan tafi ƙwadago gonar wani, tasa kuma ciyawa ta cinye, amfanin bana ya gaza na bara. Rashin lafiyar mutum ɗaya a gida kan sa a sayar da akuya, daga nan a jinginar da gona. Gonar ma gado na ƙara tsinka ta kowane zamani, domin a Arewa maso Yamma mace kan haifi 'ya'ya sama da shida a matsakaicin lissafi, bisa binciken lafiya na 2018.

Man fetur ya kawo wa gwamnati kuɗi tun shekarun 1970, sai dai ma'aikata kaɗan yake ɗauka, kuma ya sa aka yi watsi da gyaɗa da auduga. Dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace bayan farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975. Masaƙun Kaduna da suka ciyar da dubban gidaje sun durƙushe saboda rashin wutar lantarki da kwararowar atamfa ta fasa-ƙwauri.

Rashin tsaro ya zo ya ƙara dagula lamarin. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya raba sama da mutum miliyan 2 da gidajensu, a Zamfara da Katsina kuma 'yan bindiga kan ɗora wa ƙauyuka haraji kafin a yi shuka ko girbi.

Gwamnatoci sun yi ta ɓullo da shirye-shirye, irin su shirin yaƙi da talauci na NAPEP a 2001 da shirin samar wa matasa aikin yi na N-Power a 2016. Akasarinsu rabon kuɗi ne ko aikin wucin gadi, kuma sukan shuɗe tare da gwamnatin da ta kawo su, ba tare da sun taɓa farashin taki ko hanyar kai amfanin gona kasuwa ba.