Makin LSAT bai yi daɗi ba: a soke shi ko a bar shi?

Wace jarrabawa ce LSAT?

Ita ce jarrabawar neman shiga makarantun koyon aikin lauya a Amurka da Kanada. Hukumar LSAC ce ke shirya ta, makinta kuma daga 120 ne zuwa 180. Wanda ya riga ya yi digirin lauya a Najeriya yana neman LLM, wato digiri na biyu a fannin shari'a, galibi ba ruwansa da ita. Mai neman digirin JD, wato digirin farko na zama lauya a can, shi ne take wuyansa.

Ta yaya ake soke maki?

Hanya biyu ce. Ko dai ka soke cikin kwana shida bayan jarrabawa, tun sakamako bai fito ba, wato ido rufe. Ko ka biya kuɗin tsarin Score Preview, ka ga makinka, sannan ka samu kwana shida na yanke shawara. Ko wacce ka bi, kuɗin jarrabawa ya tafi ke nan.

Idan na soke, makaranta za ta sani?

Ba za ta ga makin ba, amma za ta ga ka zauna ka soke. Zaman kuma ya shiga lissafi, alhali sau bakwai kawai aka yarda mutum ya rubuta ta a duk rayuwarsa.

Ƙaramin maki ba zai ja ni baya ba?

A da haka ne, lokacin da ake haɗa makin zaman duka a raba. Daga 2006 ƙungiyar lauyoyin Amurka, ABA, ta koma karɓar maki mafi girma a rahoton makarantu, su ma yawancinsu shi suke dubawa. Mai 152 da ya dawo ya ci 163, da 163 za a auna shi.

Amma na fito jikina yana ba ni na faɗi fa.

Jiki ba alƙali ba ne. Sashe huɗu ne, kowanne minti 35, ɗaya daga ciki kuwa na gwaji ne, ba a lissafa shi, ba a kuma faɗa maka wanne ne. Sashen da lokaci ya ƙare maka kana gumi, saura tambaya biyar, ka yi ta cinke, wataƙila shi ne na gwajin. Ni dai ban ga hikimar zubar da watannin karatu a kan faɗuwar gaba ba, musamman ga mai zaman farko. Shi idan ya soke, ba shi da ko maki ɗaya da zai miƙa, makarantu kuma suna ta cike gurabe yana jiran zama na gaba.

To yaushe sokewa ta dace?

Idan abu ya lalace ƙarara: zazzaɓi ya rufe ka, ko ka bar rabin sashe ba amsa. Haka mai 165 a hannu daga zaman baya da ya leƙa ta Score Preview ya ga 151. Idan kuwa intanet ce ta yanke ko kwamfuta ta tsaya, kada ka yi gaggawar sokewa, fara kai ƙorafi wurin LSAC.