Raunin kunne a jinyar oksijin mai matsi

Raunin kunne na matsin iska shi ne illar da aka fi gani ga masu karɓar jinyar oksijin mai matsi, wato shaƙar zallar oksijin cikin rufaffen ɗaki da matsinsa ya kai ninki 2 zuwa 3 na iskar waje. Ana yin wannan jinya ga masu nutso da suka taso da gaggawa, da waɗanda suka shaƙi gubar hayaƙin janareta ko gawayi, da masu gyambon ciwon suga.

Bayan dodon kunne akwai ɗan kogo mai iska, wanda siririn bututun Eustachi ya haɗa da bayan hanci. Idan matsi ya ƙaru, iskar kogon takan tsuke bisa ƙa'idar da Robert Boyle ya wallafa a 1662: matsi ya ninka, girman iska ya koma rabi. Shi ya sa mintunan farko, lokacin da ake ƙara matsin ɗakin, suka fi haɗari. In bututun bai buɗe ba, dodon kunne ya lotsa ciki, a ji zafi da toshewa, ruwa ko jini ya taru, wani lokaci ya fashe.

Dabarun buɗe bututun sun girmi jinyar kanta. Antonio Valsalva, likitan Italiya, ya bayyana toshe hanci da baki a hura a hankali cikin littafinsa na 1704. Wajen tsakiyar ƙarni na 19 Joseph Toynbee na Ingila ya nuna amfanin haɗiye yawu da hanci a toshe. Ma'aunin da ake tantance raunin da shi ya samo asali ne daga aikin Wallace Teed, likitan sojan ruwan Amurka, a 1944.

Yara, masu mura, waɗanda aka yi wa gashin cutar kansa a wuya ko kai, da waɗanda ba sa cikin hayyacinsu sun fi kamuwa. Na ƙarshen nan su ne abin tausayi, don ba su iya cewa a dakata. Akan huda musu dodon kunne ko a sa ɗan bututu tun kafin a fara.

Amfanin maganin buɗe hanci kuwa, masana sun saɓa a kai.

Yawancin raunukan kan warke da kansu cikin kwanaki ko makonni. Jiri mai tsanani, ƙara a kunne ko raguwar ji farat ɗaya na iya nuna raunin ya kai kunnen ciki, wanda ke buƙatar likitan kunne nan take.