Ruwan rijiya ba daga wani kogin ƙarƙashin ƙasa yake zuwa ba

Tun muna yara ake ce mana wai akwai wani kogi a ƙasa, in mai haƙa ya dace da jijiyarsa shikenan rijiya ba ta ƙafewa har abada. Jama'a wallahi a Zariya ba haka abin yake ba. Garin nan kan dutse yake zaune, irin wanda kuke gani ya fito fili a Kufena, ruwan da muke ja yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutse da tsagogin da ke ƙasa, kuma ruwan damina ne, kusan milimita 1000 a shekara, yake tsatsafowa a hankali ya cika su.

To me ke taimaka masa ya shiga? Ciyawa da saiwar bishiya da ganyen da ya ruɓe, har gara ma da ramukanta. In an sare itatuwa an malale tsakar gida da siminti sai ruwan ya kwashi ƙasa ya gangara kogin Kubanni da na Galma, dam ya cika da laka, ƙasar da ta rage kuma ciyawa ta kasa kamawa, baɗi abin ya ƙaru. Shi ya sa rijiyar da kakanni suka sha yanzu tun watan Maris sai guga ya dawo da taɓo, abin na damuna sosai.