Haɗin wutsiyar kurciya: yankan hannu da na inji

Haɗin wutsiyar kurciya hanya ce da kafintoci ke haɗa katako biyu a kusurwa ba tare da ƙusa ba, musamman a durowa da akwati. A bakin katako ɗaya ana yanka wutsiyoyi masu faɗi a ƙarshe, a ɗayan kuma haƙora masu shiga tsakaninsu. Da zarar sun zauna, ko an ja gaban durowa da ƙarfi ba sa rabuwa. Daɗaɗɗen haɗi ne, don an same shi a kayan katako na kaburburan tsohuwar Masar.

A aikin hannu, kafinta yakan fara tsaga layi daidai da kaurin katakon, ya zana karkatar wutsiyoyi: 1 cikin 6 (wato layin ya kauce awo ɗaya a kowane awo shida na tsawo) ga katako mai laushi, 1 cikin 8 ga mai tauri irin maɗaci. Sai ya yanka da siririn zarto, ya cire tsakani da cizal, rabi ta wannan fuska rabi ta waccan, don kada bayan ya ɓalle. Daga nan ya ɗora wutsiyoyin a kan katako na biyu ya zana haƙora da wuƙa. A nan aka fi yin ɓarna. Dole zarto ya bi gefen da za a zubar; in ya hau kan layin, kaurin bakinsa kaɗai ya isa ya bar giɓin da gam ba zai rufe ba. In karkatar ta yi yawa, kusurwoyin wutsiya kan gutsure. Haɗin da ya matse kuma, aka tilasta shi da guduma, tsaga katakon yake yi.

Inji ya shigo harkar a ƙarni na 19. A Amurka, Charles Knapp ya yi rajistar na'urar haɗa durowa a 1867, kodayake nata haƙoran zagayayyu ne. Yau ana amfani da rauta, wato injin sassaƙa katako mai baki mai juyawa, da farantin jagora mai yatsu kamar mataji. Zurfin bakin rauta shi ne komai: ya yi zurfi, haɗi ya matse, ya gaza, ya yi sako-sako. Shi ya sa ake gwaji da guntaye tukuna, ana kuma dafa bayan katakon da wani guntu saboda tsagewa.

Mai durowa hamsin a gabansa ba shi da abin da ya fi inji. Sai dai rauta ba ta iya fitar da haƙori da ya fi wuyan bakinta siranta, alhali zarto na barin haƙori siriri kamar tsinke, a duk tazarar da kafinta ya ga dama.