Me ake nufi da gajiyar matuƙin jirgi?

Tun Janairun 2024 da matuƙan jirgin saman Batik Air na ƙasar Indonesiya su biyu suka yi barcin minti 28 a sama tsakanin Kendari da Jakarta, "gajiyar matuƙi" ta shiga bakin masu sharhi. Abin haushi, galibinsu sakaci ko ragwanci suke nufi da ita. Wani ma sai ya ce ai awa biyar kawai mutumin ya tuƙa, gajiyar me?

Nan ruɗanin yake. Awannin tashi daban, lokacin aiki daban. Na farko yana farawa ne sa'ad da jirgi ya motsa, na biyu kuwa tun da matuƙi ya iso filin jirgi ya fara duba yanayi, da mai, da takardu, har da zaman jiran jinkiri. A dokar Amurka da ta fara aiki a 2014, matuƙa biyu ba sa wuce awa 8 ko 9 suna tuƙi, amma aikin yana iya kai awa 14 idan da safe aka fara. Kafin nan dole a ba su hutun awa 10, da damar barcin awa 8 a ciki.

Kuma ba yawan awanni kaɗai ba ne. Tsakanin ƙarfe 2 zuwa 6 na asuba jikin ɗan Adam yakan yi sanyi, hankali ya yi nauyi, ko mutum ya huta da rana.

A duba hatsarin Air India Express a birnin Mangalore na Indiya, 22 ga Mayu 2010. Jirgin ya taso daga Dubai cikin dare, kyaftin ɗin ya yi barci fiye da awa ɗaya da rabi, har na'urar naɗar murya ta ɗauki minsharinsa. Ya farka dab da sauka, cikin magagin barci, wato idonsa biyu amma ƙwaƙwalwa ba ta gama tashi ba. Jirgin ya zo da tsayi fiye da kima, mataimakinsa ya ce masa har sau uku a fasa sauka a sake zagayowa, bai ji ba. Tayoyi suka taɓa ƙasa bayan an ci fiye da rabin titin, jirgin ya zarce ya faɗa kwari. Mutum 158 suka rasu cikin 166. Gudun irin wannan magagin barci ne ya sa inda aka yarda da ɗan barci a kujerar tuƙi ake taƙaita shi zuwa kamar minti 40, mutum ɗaya a lokaci guda, kuma ya farka tun da sauran tafiya.

A ganina kamfanin da ya tsara wa matuƙi darare a jere, sannan ya sa shi tsoron cewa "na gaji", ya fi matuƙin laifi. Dokar Amurkar ma ta bar matuƙan jiragen kaya a waje, alhali aikinsu galibi na dare ne.